Ruwan da Gidaɗo Ya Sha

Tun daga Anka har Gummi, ba wanda ya kai Malam Gidaɗo, mijin yayata Dija, sanin yadda ake doguwar tafiya a kan babur da bazara a dawo gida lafiya. Ba ni kaɗai na faɗa ba. Malaman makaranta da malaman gona da aka raba wa babura a shekarun can, duk wanda ya ji za a tura shi ƙauyukan Bukkuyum cikin watan zafi sai ya biyo ta wurinsa tukuna. Ni kuwa Marka, ƙanwar matarsa, aikina a duniya shi ne in tsokane shi. Al'ada ta ba ni wannan dama, na kuma yi amfani da ita har na wuce gona da iri.

Bafillace ne kamar mu. A wata ruga gabas da Adabka aka haife shi. Da aka zo neman yaran da za a sa makaranta, ubansa ya dubi 'ya'yansa ya miƙa wanda ya fi kowa rashin gudu, don a ganinsa shi ne garke ba zai yi kewarsa ba. Yaron ya tafi, ya dawo bayan shekaru da wando da biro a aljihu, an ce ya zama malamin dabbobi. Kafin nan ubansa ya rasu, 'yan'uwa sun raba shanu sun yi kudu. Saboda haka ya zama mutumin da shanun ƙasar nan duka suka san hannunsa, amma ba shi da ko karsana ɗaya da za ta amsa kiransa.

Lokacin da Baffa, wato mahaifinmu Hammadu, ya ba shi Adda Dija, dangi sun yi ta guna-guni. Wanda ya fi ɗaga murya shi ne Shitu, ƙanen Baffa, da muke kira Baba Ƙarami. Cewa ya yi an ɗauki ɗiyar gidan shanu an ba mai ƙarfe. Baffa ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku dubi kunyarshi."

Aka duba, ba a sami abin faɗa ba. A wurinmu mutum ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa, shi ma surukin ba ya yi a gaban mijin 'yarsa. Kowa ya san wannan, kowa kuma yana ɗan yin ha'inci idan ido ya kau. Gidaɗo ba ya yi. Idan zai zo rugarmu, tun daga kukar da ke bakin hanya yake kashe babur ya turo shi da hannu, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa inda sai an kasa kunne za a ji gaisuwarsa. A kai masa nono a bukkar baƙi, sai ya tabbata Baffa ya bi shanu tukuna ya ɗaga faifan. Da ma ya san abin da ake cewa a kansa, cewa boko ya wanke shi. Kunyar nan ita ce kaɗai shaidar da ta rage masa cewa shi namu ne, ita ce ta ba shi mata, ita ce ta ba shi wurin zama a tabarmar maza ranar suna. Yana kiwonta yadda wasu ke kiwon garke.

A gabana kuwa ba ruwansa. Ina da rumfar da nake zama da ƙwaryar nono ranar kasuwar Bukkuyum, kuma duk mako sai ya tsaya. Tun daga nesa nake gane shi, don ba wanda ke shiga irin tasa. Rawani ya rufe kai da kunne da hanci, ga baƙin tabarau, ga riga mai dogon hannu, ga takalmi sau-ciki a lokacin da kowa ke neman abin da zai tuɓe. A ƙarƙashin rigar kuma yana naɗe ƙugunsa tam da wani farin zane mai faɗi, wai don kada gargadar hanya ta kaɗa masa baya. Nakan ce masa, "Mijina, ina aka kai gawar da aka baro likkafaninta wurinka?" Sai ya yi dariya ya zauna, ya sha fura cike da ƙoƙo biyu, ya nemi ƙari.

Abin da ya fi ji da shi shi ne gorarsa. Babba ce, ya ɗinke ta cikin buhun algarara, kullum buhun a jiƙe, ya rataye ta gefen babur inda iska ke bugawa. Da tsakar rana, lokacin da ruwan randa ma ya yi ɗumi, nasa da sanyi. Ba zallan ruwa ba ne, yana jiƙa tsamiya a ciki ya barbaɗa ɗan gishiri. Kuma ba ya jiran ƙishirwa. Duk inda ya tsaya, ko taya zai duba, sai ya kurɓa.

Na taɓa jin yana yi wa wani sabon malamin gona mai suna Saminu karatu a rumfata. Mutumin ya iso daga Anka da hular sanyi ta gayu da silifa, idanunsa jajur, yana cewa kansa zai tsage.

"Ƙarhe nawa ka hito?" in ji Gidaɗo.

"Sha ɗaya."

"To kai ad da laihi, ba rana ba. Da asuba aka hita. In ka ga inuwarka ta shige ƙarƙashin babur, ka nemi tsamiya ko ɗorawa ka sauka, kai da injin ku huce, sai bayan azahar. Kuma goro kan wohin ciki, bar shi sai marece." Ya rage murya, amma ni kunnena ba ya rage komai. "In ka zagaya ka ga hitsarinka ya yi kalar shayi, to jikinka na roƙonka ruwa tun ɗazu ba ka ji ba. In kau zuhwa ta ɗauke maka alhali rana na bugu, kak ka ƙara ko taki ɗaya."

Saminu ya rubuta a takarda, ni kuwa na yi ta dariya, wai shan ruwa ma sai an rubuta. Shekara bakwai Gidaɗo yana bin wannan ƙa'ida, yana ratsa yashin gulbi da fako da duwatsu, ban taɓa jin ya kwanta ko na yini ɗaya ba.

Sai shekarar bushiya, alif ɗari tara da tamanin da uku. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Saniya za ta wayi gari ido na zubar da ruwa, baki ya yi gyambo, zawo ya tsinke, kafin mako ta faɗi. Mutum mai shanu ɗari ya koma yana riƙe da sanda kawai. Aka aiko da allurar rigakafi, kuma ita ba ta son zafi ko kaɗan. A cikin filas mai ƙanƙara ake ɗaukarta daga firjin ofis, Gidaɗo ya sa filas ɗin a akwatin katako, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu ya ɗaure bisa tankin babur. Daga nan ruwan gorarsa ya zama na mutum biyu, shi da akwati.

Garken Baffa aka fara yi wa, ina nan a rugar ranar. Amma Baba Ƙarami da wasu dangi sun kwashe shanunsu sun yi yamma, wajen Gummi, suna gudun allura. An daɗe da soke jangali, amma su ba su yarda ba. A ganinsu duk wanda ya zo yana tsaga kunnen saniya yana rubutu, ƙidaya yake yi wa gwamnati. Sau biyu Gidaɗo ya bi su, suka ce ba su san inda shanun suke ba, alhali yana jin kukansu a bayan tsauni.

Da yamma Baffa ya tsaya bakin bukkar baƙi inda Gidaɗo ya sauka, ya juya mata baya, ya yi magana kamar da iska yake.

"A hwaɗa ma Malam, gobe ni za ni raka shi. Shitu ba ya ce min ƙarya ido da ido."

Inna, mahaifiyarmu, ta saki muciya. Suruki da suruki a kan sirdi ɗaya, ba a taɓa ji ba. Amma shanu na mutuwa, ba wanda ya hana.

Da asuba na ga tafiyarsu, kuma Allah ya gafarta mini, sai da na toshe baki da zane. Gidaɗo ya matsa gaba har cikinsa na taɓa akwati. Baffa ya zauna can ƙarshen sirdi, ya riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, ya ɗaga kai sama. Tsakaninsu akwai filin da ɗan akuya zai kwanta. Gorar tana reto a gefe, cike fal, ni da kaina na cika ta.

Ran kwana na uku da la'asar suka dawo. Baffa ya sauka ya shige bukka bai kalli kowa ba. Gidaɗo ya gaida Inna daga nesa ya wuce Anka, can ya kwanta mako uku. Adda Dija ta ce mini fitsarinsa har da jini, kuma daga wannan kwanciya ciwon baya bai sake barinsa ba. An yi wa shanun Baba Ƙarami allura, da na sauran. Rugagen da suka maƙwabce su suka ƙi, kafin damina ta sauka cutar ta share shanunsu. Namu suka tsira, in ban da 'yan ƙalilan.

Ka ce za a gode masa. To kafin ya tashi daga jinya wani labari ya riga shi zagaya ƙasar. Baraka, matar babban ɗan Baba Ƙarami, ita da wata sun taso daga tallan nono da rana tsaka a rana ta biyu ta tafiyar, suka karyo kwana, sai ga babur a jingine ƙarƙashin wani marke. Baffa yana zaune ya jingina da itacen, ya kau da fuska gefe. Gidaɗo kuwa yana tsugune dab da gabansa, ya kwance rawani, ya ɗaga gora sama yana kwankwaɗa, ruwa na bin gemunsa. Kunya ta kama matan suka juya da baya suka canza hanya. Baraka ba maƙaryaciya ba ce, kuma ta rantse.

Ba shan kaɗai ba, yadda aka yi shi. A gaban tsoho, kusa da fuskarsa, tsohon yana kau da kai don takaici. Baba Ƙarami, wanda shanunsa ke kiwo da rai saboda mutumin nan, shi ya fara cewa, "Ai na hwaɗa muku. Abin da boko yac ci ba ya dawowa."

Adda Dija ta tambayi mijinta, ko gaskiya ne. Ya ce, "Na sha." Ta ce don me. Ya ce, "Ƙishirwa." Ta tattara 'ya'yanta ta zo gida ta yi mako tana kuka, sannan Inna ta mayar da ita. Kowa ya zuba ido ya ji abin da Baffa zai ce, Baffa bai ce komai ba. Sai dai an lura, daga ranar, da ya ji ƙarar babur daga kuka sai ya ɗauki sanda ya bi bayan ruga, ko gaisuwar nesa ba ya tsayawa amsawa. Muka ce fushi ne, kuma fushin da ya dace.

Ba a kore shi ba, mu ba ma kora. Tabarma ce kawai ta riƙa ƙarewa kafin a zo kansa. Ranar suna ko ɗaurin aure zai zo ya tarar an cika, sai ya zauna kan takalminsa can gefe. Da aka zo neman auren babbar 'yarsa, sai da wani ya tuna wa dangin yaron ko ɗiyar wa ce, maganar ta mutu. Shi kuwa bai fasa komai ba. Yana kashe babur a kuka, yana tuɓe takalmi, yana durƙusawa ya gaida bukkar da ya san ba kowa a ciki.

Ni fa? Ni na sami abin wasa. Da na hango rawanin nan ranar kasuwa sai in ɗaga murya yadda rumfuna uku za su ji: "Mata, ku ruhe ƙwarenku, ga Sha-gaban-suruki nan." Sunan ya bi shi har Gummi. Wata rana na miƙa masa ƙoƙo na ce, "Ko in kira maka Baffa, don ta hi yi maka daɗi?" Kasuwa ta fashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, ya karɓa ya sha, ya ce, "Matata, bakinki ya hi allurata tsini." Shekara shida ina yi. Ban yi da mugunta ba, abin da nake faɗa wa kaina ke nan. Amma na ji daɗin dariyar da ake yi mini, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, yadda mutumin da ke jiran Baffa ya bi shanu kafin ya ɗaga faifai zai wayi gari ya yi wannan.

Baffa ya kwanta ciwon ajali bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki, ruwa bai faɗi ba tukuna, gari kamar tanda. Ni ke jinyarsa da rana. Wata azahar na ɗago kansa ina ba shi ruwa a ludayi, sai ya riƙe hannuna ya daɗe yana kallon ludayin.

"Marka, ke ce ke kiran Malam da sunan nan?"

Na ce wasa ne, Baffa.

"Zauna."

A hankali ya ba ni labarin, yana yi yana hutawa. Ranar farko ba su sha komai ba tun asuba sai bayan magariba, da aka sauke su a bukkoki daban. Ba don Gidaɗo bai yi dabara ba. Sau uku yana tsayawa ya ce zai duba wata hanya, ya tafi bayan kurmi ya daɗe, ya bar gorar a buɗe kusa da ƙafar Baffa. Baffa ya gane sarai. Amma ya ɗaga gorar ya ji nauyinta, ya ce a ransa, Malam ya san nauyin abinsa, in ya dawo zai gane an sha. Sai ya ajiye. Shi ma sai ya ce zai zagaya, ya tafi ya daɗe don Malam ya sha. Ya dawo ya saci kallon gorar, tana nan yadda take. Gidaɗo ya ga tsoho bai sha ba, shi kuma ba zai sha ya bar tsoho da ƙishirwa ba. Ruwan da ya ragu duk a kan buhun akwati ya tafi, sai ɗan na alwala. Ko a kurkurar baki Baffa ya ce bai haɗiye ba, don yana jin kamar idon Malam na kan maƙogwaronsa.

Rana ta biyu ta fi zafi, ga ƙanƙara ta kusa narkewa, ga Shitu ya ƙara gaba. Gidaɗo ya karya dokarsa ta sauka da rana, suka ci gaba. Baffa ya ce tun hantsi ya daina gumi. Daga baya ya ga hanya ta rabu biyu, ya ji hannunsa na sakin ƙarfe. Bai san sa'ad da ya kifa goshi a bayan surukinsa ba.

Da ya farka yana kwance a gindin marke, ba riga a jikinsa. Gidaɗo ya tuɓe shi, ya kwance zanen ƙugunsa ya jiƙa yana shafa masa a ƙirji da wuya da hammata, yana yi masa fifita da murfin akwati. Da ya ga ya buɗe ido sai ya mayar masa da rigar, ya jingina shi da itace, ya kawo bakin gorar bakinsa.

"Na datse haƙora," in ji Baffa. "Ina ganin mutuwa, ina jin ƙamshin tsamiya, amma na datse. Yac ce, Baba, don Allah. Na kau da kai. Yac ce za ya tahi bayan itace. Na san in yat tahi ma hannuna ba ya ɗaga gora."

Sai Gidaɗo ya zagayo ta inda ya kau da fuskar, ya tsuguna, ya kwance rawaninsa, ya ɗaga gorar ya sha. Da ƙarfi, da ƙara, yadda ba yadda za a yi a ce ba a gani ba. Ya sauke ya ce, "Baba, na riga na zubar da ita. Babu sauran kunya nan wurin da za ka tsare. Sha."

"Sai nis sha," in ji Baffa. "Daga hannunshi, kamar jinjiri. Ina sha ina amai, shina ƙara man kaɗan-kaɗan, har la'asar. Shi kau wanga kurɓi da Baraka tag gani, shi kaɗai yas sha. Sauran ni da akwati."

Na ce, "Baffa, shekara shida. Kalma guda da ka hwaɗa, da ta isa."

Ya rufe ido. "In ce mi? In ce mijin ɗiyata ya tuɓe ni ya ba ni ruwa ga baki? Kullum ina cewa gobe. In naj ji ƙarar ƙarhen nan sai ƙahwata ta ɗauke ni. Ba hushi ba ne, Marka. Ban iya haɗa ido da shi."

Na yi fushi da mahaifina a ranar, fushin da ban taɓa yi da shi ba, yana kwance yana numfashi da ƙyar. Na kuma ji tausayinsa. Amma fushin da na yi da kaina ya fi duka, don shi tsoro ya rufe masa baki, ni kuwa ba abin da ya buɗe nawa sai son a yi dariya.

Bayan kwana huɗu ya rasu, da hantsi. Aka kai shi da rana tsaka. Da maza suka dawo daga maƙabarta suka zube a inuwar rumfa, aka fito da babbar ƙwarya ta ruwa tana zagayawa hannu zuwa hannu. Ina leƙe ta jikin zana. Gidaɗo ya taso tun daga Anka, da shi aka haƙa kabari duk da bayansa, yana zaune kan takalminsa can ƙarshe, leɓɓansa sun yi fari. Ƙwaryar ta iso gare shi. Baba Ƙarami na wurin, kuma yanzu shi ne a matsayin Baffa. Gidaɗo ya karɓa da hannu biyu ya miƙa wa na gaba.

Baba Ƙarami ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Yau kuma an tuna?"

Wasu suka sunkuyar da kai suna murmushi. Gidaɗo ya dubi ƙasa.

Ni da ke da labarin duka a bakina, taki huɗu ne tsakanina da rumfar. Na kama zanar zan ɗaga. Sai na ga gemun baffannina da kawunnena a jere, na tuna ni mace ce, gawar ubana ko sanyi ba ta yi ba, kuma abin da zan faɗa tsiraicinsa ne. Hannuna ya koma da kansa. Marka mai bakin da ya cika kasuwar Bukkuyum ta tsaya bayan zana ba ta ce komai ba. Ashe ni ma 'yar gidan ce.

Da na ga ya miƙe yana sallama, na ɗebi ruwa a ƙwarya na bi ta bayan garke na riga shi zuwa kuka. Ya iso yana tura babur, yana ɗan dafe ƙugu. Da ya gan ni ya yi murmushin gajiya, yana jiran abin da zan jefa masa.

Na durƙusa har ƙasa na miƙa masa ƙwaryar. Ban taɓa durƙusa masa ba.

"Malam, Baffa ya hwaɗa min. Duka."

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Sannan ya jingina babur da kukar, ya waiwaya ya dubi ruga ko akwai mai gani, ya karɓa ya sha har ƙasa.

"Wa kika hwaɗa ma?"

"Ba kowa. Na so in hwaɗa yanzu, na kasa. Amma gobe sai kowa ya ji, har Baba Ƙarami. Ka yahe min, Malam."

"Ba ki yi min ƙarya ba, Marka. Na sha." Ya goge gemunsa da gefen rawani. "Ki bar shi yadda yake."

"Shekara shida kana zama kan takalmi. An hana ɗiyarka miji."

"Na sani."

"To don mi?"

Ya miƙo mini ƙwaryar. Idonsa ya kawo ruwa, shi da ko a bakin kabari aka ce bai yi ba.

"Sau ɗaya na tuɓe mai riga, gindin itace, ba kowa, don dole. Da shina da rai ban tuɓe shi gaban mutane ba. Yanzu da ba ya iya mayar da ita da kanshi za ni yi?"

Ya naɗe rawaninsa ya rufe baki da hanci. Bai tayar da babur a nan ba, sai da ya ƙara tura shi gaba kaɗan, don akwai makoki a gidan surukinsa.